Ka Fara Da Tankin Ruwa: Nasiha Ga Mai Zana Gari a Sararin Samaniya

Ɗana,

Na duba zanen tashar sararin samaniyar da kai da abokan aikinka kuke son ɗora shirinku mai dogon zango a kanta, kuma raina ya yi fari. Hannunka ya faɗa. Hasumiyoyin sun tsaru, tagogin gilashin da ake hango duniya ta cikinsu sun ƙayatar, ɗakin shugaban tasha kuwa ya amsa sunansa. Amma na bi takardun ɗaya bayan ɗaya ina neman tankin ruwa, ban gan shi ba. Ban ga makewayi ba. Ban ga inda zafin injuna zai fita ba, ban kuma ga ƙofar da za a datse idan wani sashe ya huje ba. A saman takarda ka rubuta cewa mutum miliyan ɗaya ne za su zauna a ciki. To, me za su sha?

Za ka iya cewa tambayar tsoho ce, wanda ya ƙarar da ƙarfinsa wajen zanen gini da shimfiɗa bututun ruwa. Haka ne, amma marubuci ya fi ni buƙatar amsarta. Labarin da mutane za su bi mako bayan mako ba ya fitowa daga kyawun gini. Yana fitowa daga abin da ya yi ƙaranci, da wanda mabuɗinsa ke hannunsa, da wanda aka hana. A sama kuwa komai ƙaranci gare shi, tun daga ruwa har numfashi. Idan ka san adadin ruwan da ke tasharka da hanyar da yake bi, ka riga ka samu rikicin zango na farko tun kafin ka raɗa wa jaruminka suna.

Ba ku ne na farko da kuka kai Bahaushe sama ba. Tun 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda aka ɗauki yaro aka yi yawo da shi cikin sararin samaniya, kuma mu da muka karanta shi muna samari ba mu manta da shi ba. Sai dai wancan tafiya ce, a je a gani a dawo. Ku zama kuke son nunawa, gari guda mai haihuwa da mutuwa da ciniki da shari'a, kuma zama ya fi tafiya wuyar rubutawa.

Kana da wata riba da marubutan Amurka da Ingila ba su da ita, ban ga ka yi amfani da ita ba. Ka girma a nan Maisandari, a Maiduguri, garin da ya san ma'anar a yanke shi daga duniya. A watan Mayun 2013 aka katse layukan waya, muka yi makonni mutum ba ya jin muryar ɗan'uwansa da ke Kano. Akwai lokacin da hanyar Damaturu kaɗai ta rage mana, duk buhun shinkafa da galan ɗin fetur ta nan yake shigowa, ranar da aka rufe ta kuwa farashi ya tashi kafin la'asar. A Janairun 2021 aka kayar da turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, aka gyara a watan Maris, ba a yi kwanaki ba aka sake kayar da su, gari ya zauna cikin duhu da ƙarar janareta. Tashar sararin samaniya gari ne da yake cikin wannan hali kullum, ba ranar hutu. Abin da wasu marubuta ke ƙoƙarin hasashe, kai ka rayu a cikinsa. Ka san yadda mata suke lissafin ruwan girki, ka san yadda jita-jita take gudu idan ba waya, ka san wanda yake ɓoye kaya da wanda yake rabawa. Wannan sani shi ne jarinka.

Bari in dawo kan ruwa, domin nan na fi sani. Ka rage yawan mutanen nan tukuna. Tashar ƙasa da ƙasa da ke yawo a samanmu yanzu, wadda aka harba sashenta na farko a Nuwambar 1998 kuma ba a taɓa barinta ba kowa ba tun Nuwambar 2000, tsawonta mita 109 ne, nauyinta ya haura tan 400, amma mutum bakwai ne suka saba zama a cikinta. Ba na ce ka tsaya a bakwai ba, labari ne, kana da damar wuce zamaninmu. Ka ɗauki mutum 2,000. Wannan adadi ya isa a yi kasuwa da makaranta da asibiti, kuma bai yi yawan da mutum zai aikata abu ya ɓace cikin taro ba. Kowa ya san kowa, kowa ya san uwar kowa. Wasan kwaikwayo ya fi ƙarfi a irin wannan wuri.

Yanzu ɗauki biro. Ma'aikatan agaji da suka yi aiki a sansanonin 'yan gudun hijira a garin nan suna da ma'aunin da ba sa son a gaza shi, wato lita 15 ga kowane mutum a rana, sha da girki da tsafta. Mutum 2,000 sau 15, lita 30,000 ke nan kullum. A sama ba kogi, ba rijiyar burtsatse, ba mai moya da zai turo kura ƙofar gida. Ruwan da aka sha jiya shi za a sake sha gobe, bayan an tace fitsari da gumi da tururin numfashi. A 2023 hukumar NASA ta sanar cewa na'urorinta a tashar ƙasa da ƙasa sun kai ga dawo da kashi 98 cikin ɗari na ruwan da ake amfani da shi. Ka ba tasharka wannan ƙwarewa. Kashi 2 da ke salwanta lita 600 ne a rana, jarka 24 mai lita 25. A shekara ya zama tan 219 na ruwa da dole a kawo daga wani wuri. Daga ina? Wa yake kawowa, nawa yake karɓa? Idan kumbon ruwa ya yi jinkirin wata biyu fa? Idan matatar ta tsufa ta koma kashi 90, asarar ta tashi zuwa lita 3,000 a rana, wa zai fara sani? Ƙaramin ma'aikacin da ke karanta mita ne zai fara sani, kuma shi za a ce wa ya yi shiru. Wannan yaro ya fi shugaban tasha cancantar zama jarumin labarinka.

Akwai wani amfani na ruwa da zai canza maka fasalin ginin gaba ɗaya. A nan ƙasa, iska da maganaɗisun duniya suna tare mana wani haske mai lahani da ke fitowa daga rana da sauran taurari. Wanda ya yi nisa da duniya ya rasa wannan garkuwa, kuma ruwa yana cikin abubuwan da suke tare shi sosai. Saboda haka tankin ruwa ba a ƙuryar gini zai zauna ba, shi ne zai kewaye ɗakunan kwana. Ka ga ke nan duk ranar da aka rage ruwan wani sashe don a shayar da wani, an rage wa 'ya'yan wannan sashe kariya. Shugaban da zai yanke wannan hukunci ba lallai ya zama mugu ba, kuma hakan ne zai sa masu kallo su kasa barci.

Iska ma haka take. Mutum yana shaƙar abin da ya kusa kilo ɗaya na oksijin a rana, yana fitar da gurɓatacciyar iska da dole a kwashe. Inda ba nauyi, iska mai ɗumi ba ta tashi sama, sai ta taru a gaban fuskar mai barci, shi ya sa fanka ba ta tsayawa a tashar gaske. Ka sa ƙarar fanka a ƙarƙashin kowace fitowa ta shirinka, ƙasa-ƙasa, har kunnen mai kallo ya saba. Ranar da ka ɗauke ta, ba sai wani ya ce an shiga uku ba.

Ina so ka karanta labarin wani gwaji da aka yi a jihar Arizona ta Amurka, mai suna Biosphere 2. A 1991 aka rufe mutum takwas a cikin wani katafaren ginin gilashi mai gonaki da bishiyoyi, da nufin su yi shekara biyu ba abin da zai shiga ko ya fita. Sannu a hankali oksijin ya riƙa raguwa, daga kusan kashi 21 cikin ɗari har ya sauka wajen 14, mutane suna haki idan sun hau bene, aka daɗe ba a gano dalili ba. Ashe ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasar noman ne suke cinye oksijin, gurɓatacciyar iskar da suke fitarwa kuma simintin ginin yana tsotse ta, shi ya ɓatar da sawun. Siminti! Abin da magini ya shafa ya tafi gida. Ga yunwa, ga rabuwar kai, har mutum takwas ɗin nan suka kasu gida biyu. Ba maƙiyi daga wata duniya, ba bindiga, amma labarin ya fi finafinai da yawa kama zuciya.

Sai maganar nauyi, wadda ta shafi aljihunku kai tsaye. 'Yan sama jannatin da ke tashar ƙasa da ƙasa suna shawagi ne, kuma jikinsu yana biyan kuɗin wannan shawagi. Ƙashi yana zaizayewa da kusan kashi ɗaya cikin ɗari a wata, dole su yi motsa jiki na kimanin awa biyu kullum. Wanda ya fi kowa daɗewa a tafiya guda, likitan Rasha Valeri Polyakov, kwana 437 ya yi a tashar Mir. Ba za ka reni jariri ko ka ajiye tsohuwa a irin wannan yanayi ba, kuma ba ku da kuɗin rataye 'yan wasa da igiya a kowace fitowa. Mafita ɗaya ce ta warware duka biyun: ka sa tashar ta zama zobe mai juyawa. Juyawar tana tura mutum zuwa bangon waje, bangon ya zama daɓe, kowa ya taka da ƙafarsa. Tunanin ba sabo ba ne. Wernher von Braun ya yaɗa zanen irin wannan tasha a 1952, a 1975 kuma masana da suka taru a jami'ar Stanford suka zana zobe mai faɗin kusan kilomita 1.8, yana juyawa sau ɗaya a minti, don mutum 10,000. Lissafin ba shi da wuya. Idan kana son nauyi irin na duniya kuma zoben yana juyawa sau biyu a minti, daga tsakiya zuwa daɓe sai ya kai kusan mita 224. In ka ƙanƙanta shi, sai ya ƙara sauri, mutane su yi ta jiri.

Da zarar ka zaɓi zobe, abubuwa da yawa sun yanke kansu. Sama a wurinsu tsakiyar zoben ce. Mai tafiya a babban titi zai ga hanya tana lanƙwasa tana hawa a gabansa da bayansa, in ya yi ta tafiya zai dawo inda ya tashi, kewayen bai kai kilomita ɗaya da rabi ba. Duk benen da mutum ya hau nauyinsa raguwa yake, a tsakiya kuwa babu shi sam, nan kumbuna za su riƙa sauka. Wa zai zauna a benayen sama masu sauƙin nauyi? Tsofaffi masu ciwon gwiwa za su so can. Amma yaron da ya girma can ƙashinsa ba zai yi ƙwari ba, wataƙila ba zai taɓa iya taka duniya ba. Sai ka yanke shawara ko unguwar masu hali ce ko ta talakawa, kuma kowace ka zaɓa labari ne daban. Ko shayi ma ba zai zubo a miƙe ba. Mai shayin tasharka in ya ɗaga buta sama, ruwan zai ɗan karkata gefe saboda juyawar, ɗan gari ya san inda zai ajiye kofi, baƙo kuwa sai ya zubar. Da fitowa ɗaya irin wannan mai kallo zai gane wane ne baƙo, ba tare da an yi masa bayani ba.

Wuta da zafi ba zan daɗe a kansu ba, domin tun bayan duhun 2021 kowane yaro a unguwar nan ya san farantin sola da batir da inbata. Abin da ba ka zana ba shi ne hanyar fitar zafi. Mu a nan, ko a watan Afrilu da ma'auni yake haura 40, mukan samu iskar da za ta ɗebe mana zafi a gindin darbejiya. A sama ba iskar da za ta ɗauke shi. Zafin injuna da na jikin mutane yana taruwa a ciki, sai an bi da shi ta bututu zuwa wasu manyan fararen faranti a waje. A tashar ƙasa da ƙasa sinadarin amoniya ne yake wannan aiki. Ka zana su manya, ka bar su a fili, domin nan ne lagon tasharka. Abinci kuma, masana sukan ƙiyasta murabba'in mita 40 zuwa 50 na shuka don ciyar da mutum ɗaya. Mutum 2,000 sun buƙaci wajen hekta 10, hawa bisa hawa, a ƙarƙashin fitilu. Ka yanke abin da suke nomawa. In gero da wake da kuɓewa ne, da tafkin kifi a gefe, to mun san su waye suka gina wurin.

Yanzu ƙofofi. A 1997 abubuwa biyu suka faru a tashar Mir ta Rasha da nake so ka haddace. A watan Fabrairu wata na'urar samar da oksijin ta kama da wuta, mutum shida suna ciki, hayaƙi ya cika ko'ina, wutar kuma ta tare hanyar zuwa ɗaya daga cikin kumbuna biyu na tsira. A watan Yuni wani kumbon dakon kaya ya daki sashen da ake kira Spektr ya huda shi, iska ta fara fita. Da suka ruga su rufe ƙofar sashen, sai suka tarar wayoyin wuta da bututu sun ratsa ta bakin ƙofar, an shimfiɗa su ne don sauƙin aiki. Sai da suka cire wasu, suka yanke wasu, kunnuwansu suna ɗaukar raguwar iska, sannan ƙofa ta rufu. Sun tsira, amma sun yi asarar kaso mai yawa na wutarsu, domin farantan solar sashen suna can bayan ƙofar.

Na yi aikin gini isasshe da zan gaya maka cewa haka bala'i yake zuwa. Wani ne ya ja waya ta inda bai kamata ba, da niyyar zai gyara gobe. Mun ga gobarar Kasuwar Monday a Fabrairun 2023, mun ga yadda rumfa take miƙa wa rumfa wuta idan ba tazara. Mun kuma ga daren 10 ga Satumbar 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya shigo gari mutane suna barci, ya mamaye Gwange da kasuwa da fadar Shehu, har aka sake buɗe sansanin Bakasi da ke hanyar Damboa don karɓar jama'a. Ka tuna da tambayoyin da kowa yake yi a daren: ina ne tudu, wace gada ce ba ta nutse ba, wa ya rage a gida? Ka raba tasharka sassa-sassa, kowane da ƙofarsa mai datsewa, ka rubuta daƙiƙa nawa take ɗauka kafin ta rufu, ka rubuta wanda yake da ikon rufe ta. Sannan ka tambayi kanka abin da mai gadin ƙofa zai yi idan ƙararrawa ta kaɗa alhali 'yarsa tana ɗaya gefen. Kumbunan tsira kuma ka ƙidaya kujerunsu. In ba su kai 2,000 ba, akwai wata takarda a wani ofis mai ɗauke da sunayen waɗanda za su shiga, kuma wata rana za ta faɗa hannun wanda sunansa ba ya ciki.

Abin da ya fi damuna a zanenka, bayan ruwa, shi ne ban ga mutanenmu a ciki ba. Dogayen lunguna na gani masu sheƙi, irin na finafinan da kuka taso kuna kallo. Ko su waɗancan, waɗanda suka yi fice cikinsu sun san cewa tasha gari ce. Shirin Deep Space Nine da aka fara a 1993 ya ɗora rayuwarsa ne a kan titin kasuwa mai shaguna da wurin ibada. Babylon 5 ya ba tasharsa unguwar marasa galihu, waɗanda suka zo neman arziki kuɗin komawa ya gagare su. The Expanse ya nuna talakawan da ake auna musu ruwa da iska. Ka koyi dabarar, amma kada ka kwafi garinsu. Ina zauren da baƙo zai tsaya ya yi sallama? A wurin da kowane taku na fili yake da tsada, ta yaya magidanci zai kare sirrin iyalinsa? Idan mutanen Borno ne suka hau, za a ji Kanuri da Hausa da Larabcin Shuwa da Babur da Marghi da Fulatanci a titi guda, kuma ba za a yi shekara ba sai kowane sashe ya fitar da Bulamansa, wato mai unguwarsa, ko hukumar tasha ta yarda ko ba ta yarda ba. Tsakanin injiniyan da ke riƙe da na'ura da Bulaman da ke riƙe da jama'a akwai ja-in-ja da za ta ishe ka zango uku. Ka sa majami'a ma, domin garin nan bai taɓa zama na mutum iri ɗaya ba.

Ibada kuwa kada ka tsallake ta don tana da wuya. Tashar ƙasa da ƙasa tana kewaya duniya cikin kusan minti 90, mazaunanta suna ganin fitowar rana sau 16 a yini guda. Yaushe ne asuba? Ina alƙibla, alhali Ka'aba tana gabanka yanzu, an jima tana bayanka? An riga an fuskanci wannan. Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya hau a 1985. A Oktoban 2007 likitan Malesiya Sheikh Muszaphar Shukor ya tafi tashar ƙasa da ƙasa a ƙarshen watan azumi, kuma kafin tafiyarsa malamai da masana kimiyya na ƙasarsa suka zauna suka fitar da jagora: ya bi lokutan wurin da aka harba shi, ya fuskanci Ka'aba in ya samu iko, in bai samu ba ya fuskanci duniya, in hakan ma ya gagara ya fuskanci inda ya sawwaƙa. Sultan Al Neyadi na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya yi wata shida a can a 2023, azumi ya same shi a sama. Amma duk waɗannan matafiya ne. Mutanenka mazauna ne, an haife su can. Da ganin watan wane gari za su ɗauki azumi? Alwala fa, a wurin da ake ƙidaya lita? Mafi nauyi duka, idan mutum ya rasu, ina ƙasar da za a rufe shi? Injiniya zai ce jiki ruwa ne da sinadaran da gona take buƙata, iyalan mamaci za su ce a yi masa sutura yadda aka yi wa kakanninsa. Ni ba malami ba ne, kai ma haka, don haka ka je ka zauna gaban malamai da ladabi ka tambaya, ka sa amsoshinsu da saɓaninsu a bakin malaman labarinka. Ka ware fili na maƙabarta a zanen tun yanzu, da ƙasar da aka ɗauko daga gida. Babu wani shirin waje da zai riga ka zuwa wannan wuri.

Ka kuma tsayar da nisan tashar daga duniya, domin shi ne zai yanke yadda ake gaisawa da gida. Daga wata, magana tana isowa cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai, ana iya hira. Daga duniyar Mars tana ɗaukar minti 3 zuwa 22 kafin ta iso, amsa ma haka, sai dai saƙon murya. Uwa tana jinya a Maiduguri, ɗanta yana aiko da gaisuwar da za ta iso bayan an gama komai. Mu da muka ga 2013 mun san wannan ciwo.

Wani zai ce muku ina Najeriya ina tasha a sama. Kada ku tsaya gardama, amma ku san tarihinku. An kafa hukumar NASRDA a 1999, an harba tauraron NigeriaSat-1 a Satumbar 2003. NigComSat-1 da aka harba a 2007 ya daina aiki a 2008 saboda matsalar farantan solarsa, aka maye gurbinsa a Disambar 2011. Ka ba tasharka irin wannan tarihi, mai nasara da faɗuwa da sake tashi. Wa ya ba da kuɗin ginin, wane bashi ake bin ta, wane sashe ne tsoho mai yoyo, wanne ne aka ƙara daga baya bai dace da sauran ba? Ginin da mutane suka daɗe a ciki yana da faci.

Duk abin da ka yanke, ka rubuta shi a littafi guda da kowane marubuci da darakta zai riƙe: taswira, nisan asibiti daga kasuwa, adadin tankuna, lokacin rufuwar ƙofa. In a kashi na 3 an yi minti goma daga gona zuwa masaukin kumbo, kada a kashi na 30 a yi shi cikin ƙiftawar ido don jarumi yana sauri. Masu kallonmu da suka bi Daɗin Kowa da Labarina shekara da shekaru ba sa mantuwa, kuma ranar da suka kama ka ka karya dokar da ka kafa da kanka, sun daina jin tsoro domin mutanenka. Idan doka ta matse ka, kada ka sassauta ta, ka bar jarumin ya sha wuyarta.

Abu na ƙarshe roƙo ne. Za a ba ku shawara ku cika shirin da hari da fashewa, domin wai shi ke jawo 'yan kallo, kuma da shi aka san garinmu a waje. Mun binne mutane da yawa, ɗana, ba ma buƙatar a kai mana wannan har sama. Ka nuna mana abin da ya riƙe garin nan bai watse ba: maƙwabcin da ya buɗe gidansa ga iyalai uku, matar da ta raba tukunya ɗaya gida biyar, samarin da suka shiga ruwa da kwalekwale suna ɗebo tsofaffi. Kafin ka rubuta kashi na farko, ka je ka yini da mai gyaran famfo, ka yini da mai haɗa sola, ka zauna da ungozoma, ka zauna da masu haƙa kabari a maƙabartar Gwange. Ka tambaye su abin da yake fara lalacewa a aikinsu da wanda ake kira idan ya lalace, ka rubuta da bakinsu. Allah Ya yi maka albarka, Ya sa ku gama lafiya.